Shafin Godiyar Bashiru

"Ku yi shiru! Mata, ku aje guɗa tukuna, za a karanta sunaye!"

Kawu Hamani ne, ƙanin mahaifiyar Bashiru, tsaye a tsakar gidansu a Buza, tabarau a karan hanci, kundi mai baƙin bango a hannu. Yadda ya rungume shi sai ka rantse shi ya rubuta.

Ƙawata Lai'atu ta mintsine ni a cinya.

"Gyara zama, amarya. Yanzu za ki ji sunanki."

"Ke dai bari..." na ce, ina jan gyale don in rufe murmushin da ya ƙi ɓoyuwa.

Ga wanda bai san al'adar ƴan jami'armu ba: idan ɗalibi ya gama memuwar, wato kundin binciken da yake karewa gaban malamai kafin a ba shi digiri, shafin farko na godiya ne. Nan yake jera duk wanda ya taimake shi. Mutanen gida ba ruwansu da sauran shafi ɗari da talatin na Faransanci, wannan ɗaya suke so. Sai a yanka akuya, a tara dangi, a sami mai tabarau ya karanta yana fassarawa, kowa ya kasa kunne ya ji ko an tuna da shi.

Ni kuwa babu layi ɗaya a kundin nan da ban karanta ba, wani ma sau biyar. Shafin godiya kaɗai Bashiru ya hana ni gani.

"Wanga shafi sai ranar, sheri," ya ce da ni, don haka yake kira na, wato masoyiya da Faransanci. "Gaban mutane nika so ki ji shi."

Shi ya sa na ɗinka sabon leshi, na taso tun daga Madawa da sassafe, na janyo Lai'atu daga gidansu na kusa da asibitin mishan don ta zama shaida.

Kawu ya yi gyaran murya.

"Ga mahaihina, Allah shi jiƙan shi..."

"Amin!"

"Ga mahaihiyata, Hajiya Zaliha, wadda ta sha wahala ta..."

Guɗa ta tashi. Hajiya ta share hawayen da ban ga fitowarsu ba.

Aka karanta malaminsa. Aka karanta Kawu Hamani, wanda ya maimaita sunan kansa sau biyu, wai ko na baya ba su ji ba. Aka karanta abokan fadarsa su shida, masu shan shayi a ƙofar gida, waɗanda ko take ɗaya na kundin ba su sani ba. Aka karanta mai fotokopi. Har mai kabu-kabun da yake kai shi tasha ya samu layinsa, da sunan ubansa.

Na ce a raina, ai na ƙarshe shi ne na musamman.

"Ga ƙanwata Fatiha Hamani..." Kawu ya dakata, ya dubi ɗiyarsa, "wadda ta zame mani hitila cikin duhun wanga aiki."

Gidan ya kaure. Fatiha ta rufe fuska da tafin hannu, tana leƙe na ta tsakanin yatsu.

Fitila! Fatiha da ko hanyar ɗakin karatu ba ta sani ba!

"Saura layi guda," in ji Kawu. "Ina kuma godiya ga ma'aikatan bibliyotek."

Ya rufe kundin.

Shi ke nan.

Wata tsohuwa daga bayana ta ce, "Mi ne ne kuma bibliyotek?"

Hajiya Zaliha ce ta amsa, da muryar da za ta kai har zaure, idonta a kaina.

"Ɗakin da aka jibge takardu ne, Goggo. Su ne masu kakkaɓe musu ƙura."

Aka yi dariya. Na miƙe tsaye, Lai'atu ta ɗauko jakata ta biyo ni.

* * *

Sunana Nasiba Hamidu. Shekara uku na yi a Yamai ina koyon aikin nan na kakkaɓe ƙura, shekara huɗu ina yin sa a ɗakin karatun jami'a. Na saba da raini. Akwai malaman da ke miƙo mini mabuɗin mota in ajiye musu, akwai ɗaliban da ke kira na da tafi. A tunaninsu duk wanda ke zaune tsakanin littattafai mai gadi ne da aka ba kujera.

Haka Bashiru ma ya shigo ranar farko, takalmi na sheƙi, kai a sama.

"Madam, a ba ni littahin da ke magana kan gyaran ƙasa a kwarin Keita."

Kamar mai sayen sukari a kanti.

"Babu shi," na ce.

"Ƙaƙa babu shi?"

"Ba a rubuta shi ba tukuna. Ba shi za ka rubuta ba?"

Ya tsaya baki buɗe. Daga nan ya ja kujera ya zauna, ya ce cikin ƙaramar murya, "To ta ina zan hwara?"

Wannan tambayar ce ta kama ni. Namijin da ya iya cewa bai sani ba, na ɗauka na yi tsintuwa.

Na koya masa neman bayani, na koya masa rarrabe rubutun kirki da shirme, na koya masa yadda ake ambaton wanda aka ɗauko magana daga gare shi. Malaminsa yana da ɗalibai arba'in, yakan gan shi in ya sami sarari. Ni kullum nake ganin sa. Bincikensa a kan jeren duwatsu ne da ramukan rabin-wata da mutanen Keita suka yi shekaru da dama da suka wuce, har fako ya koma gona. Amma rahotannin wancan lokaci ba mu da ko ɗaya, kuma in babu su kundinsa hira ce kawai.

Ni na yi ta cigiya har na ji labarin Malam Ɗantala, wani tsohon ma'aikacin gona a Keita da ya adana nasa kwafin cikin buhunan gero a ɗakin ajiyarsa. Hutu uku na yi ina hawa motar kasuwa zuwa gidansa. Na zauna kan tabarma ina ɓamɓare takardun da suka manne, ina ɗaukar hotonsu shafi-shafi. Rahoto ɗari biyu da sha huɗu. A buhu na bakwai kunama ta harbe ni a yatsa, matar tsohon ta ɗaure mini da tsumma, na ci gaba da ɗayan hannun.

Ranar da na kawo masa su, Bashiru ya riƙe yatsan nan nawa da ya kumbura, idonsa ya cika.

"Nasibata... in na manta da wanga yatsa, Allah shi tambaye ni."

Wata biyu bayan nan manyansa suka je gaisuwa wajen Baba. Hajiya Zaliha ba ta so ba, kuma ba ta ɓoye ba. Ɗanta zai zama dokta, ga ɗiyar ƙaninta a gida, me zai yi da mai jiran ɗakin takardu? Bashiru ya ce in ƙyale ta, tsufa ne. Na ƙyale ta.

* * *

Mun kusa bakin titi ya cim mana, yana haki, babbar rigarsa ta shadda tana jan ƙasa.

"Nasiba! Sheri, tsaya mana! Mi kinka ji da za ki tashi gaban mutane haka?"

"Abin da ban ji ba ne ya tashe ni."

"Ai kina ciki! Ma'aikatan bibliyotek... ba ke ba ce?"

"Mu tara ne, Bashiru. Har da mai shara."

Lai'atu ta yi tsaki mai tsawo.

"Mai kabu-kabu da sunan ubanai," ta ce. "Kai, Bashiru, ka ji kunya."

Kafin ya amsa sai ga Fatiha, tana tafe tana rangwaɗa, ƙamshin turarenta ya riga ta isowa.

"Yaya Bashiru, Inna na kira, baƙi na jira." Ta juyo gare ni da murmushi. "Madam, ki yi hanƙuri hwa. Ai aikinki ne kinka yi, ko? In an je asibiti ba a rubuta sunan mai ba da kati."

Na dube ta daga ɗankwali har takalmi. Ban ga abin da ya kai in ba shi amsa ba.

Bashiru nake jira. Kalma ɗaya nake jira ya faɗa mata.

Ya dubi ƙasa. Ya dubi gida. Ya ce, "Za ni kira ki, sheri..."

Ya bi ta suka koma.

A motar Madawa ban yi kuka ba, don akwai mutane. Sai da na shiga ɗakina na kulle ƙofa, na cire leshin nan na jefa bayan gado, sannan na yi mai isata. Ina son sa, wannan ita ce masifar. Ina jin haushin sa har cikin ƙashina, kuma ina duba waya ko ya kira.

Ya kira sau talatin a kwana uku. Ban ɗauka ba.

Baba tsohon malamin makaranta ne, ana ce masa Mushe Hamidu, yadda ake kiran malaman boko a wajenmu, ba ya son doguwar magana. Ya saurare ni har na gama, yana jan carbi.

"Ɗiyata, ni ba ni tilasta miki komi. Amma in ya zo, ki saurare shi har ƙarshe. Kada ki yanke kan rabin magana."

* * *

Ranar kwana goma ya zo, da hantsi, bayan an ɗauke ruwa. Moto ɗinsa, wato babur, duk taɓo, wando duk taɓo. Ya rame. Ba zan ɓoye ba, da na gan shi a zaure sai da na ji tausayinsa.

"Ina kwana, Nasiba."

"Lahiya lau."

"Ba ni ne na rubuta shi haka ba. Wallahi ba ni ba ne!"

Na zauna a ƙarshen tabarma. "Ina jin ka."

"Ranar da za a buga, ina wajen malam. Fatiha na ba kile, ɗan abin nan na kwamfuta da na aje kundin ciki, ta kai ma mai bugawa. Ita ta sake shafin! Ta sa zancen hitilar nan da hannunta, ta goge abin da na rubuta a kanki. Ban lura ba sai bayan an ɗaure kundin. Na tsare ta gaban Kawu, ta amsa da bakinta. Inna ta yi kuka, ta ce in na aure ki ba da yawunta ba. Na ce mata ko duniya za ta taru, ke nika so. Ke kaɗai, Nasibata!"

Ashe makirci ne. Ashe ya rubuta. Na ji hawaye na tahowa, na farin ciki wannan karon, har na fara tsara yadda zan kira Lai'atu in ce mun zalunce shi.

"Ka ce ta goge abin da ka rubuta a kaina?"

"Ta goge!"

"Nuna mani."

"Mi?"

"Na asalin. Ai yana cikin wayarka, ni na koya maka aje kwahi biyu na komi. Ina so in ga abin da ka so in ji gaban mutane."

Ya sosa ƙeya.

"Ai ya wuce, sheri. Ga sabo na kawo, wanda ya hi shi..."

"Bashiru. Nuna mani."

Ya daɗe yana latse-latse kafin ya miƙo. Na karanta. Iyaye, malami, Kawu, abokan fada, mai fotokopi, mai kabu-kabu da sunan ubansa. Fatiha tana nan, "ƙanwata" kawai, babu fitila. Sai layin ƙarshe:

Ina kuma godiya ga ma'aikatan bibliyotek, musamman Madmazel N.

Na sake karantawa. Na ja shafin sama ko akwai saura. Babu.

Dariya ta kufce mini, irin wadda ba ta da daɗin ji.

"N.?"

"Kowa ya san ke ce..."

"Wanga ne Fatiha ta goge? Harahi guda? Kai, baiwar Allah ta wahalar da kanta a banza. Da ta bar shi, wa zai san an yi?"

"Ki gane mana! Juri ne za su karanta. Manyan malamai. In sunka ga cikakken sunanki, kuma sun san ke za ni aura, sai su ce mai bibliyotek ce ta yi mashi aikin. Kin san ina neman koyarwa nan jami'a. Kin san mutanenmu, kin san wada suka ɗauki... wada suka ɗauki aikinku."

"Wada suka ɗauke shi, ko wada ka ɗauke shi?"

Ya karɓi wayarsa ya mayar aljihu.

"To mi ya sa ka ce in taho in ji gaban mutane?"

"Na yi niyya in Kawu ya kai wurin, in tashi in ce ke ce..."

"Ka tashi?"

Bai tashi ba. Yana zaune kan kujerar roba yana karɓar barka, na gan shi da idona.

Nan na kalle shi sosai, kamar ranar farko. Takalmin ne kawai babu sheƙi yau. Shekara biyu ina zaton Hajiya Zaliha ce matsalata, ashe ita dai ta fi ɗanta gaskiya ne, abin da ke ranta take faɗa a fili.

Ya yi sauri ya zaro ambulan daga aljihu.

"Duba wanga! Duba, don Allah."

Sabon shafin godiya ne, a takarda mai kauri. Sunana a sama da na kowa, har da na mahaifiyarsa. Nasiba Hamidu, hasken idona, wadda in ba ita ba da babu wannan aiki. Layi takwas. Har kunamar Keita ta samu shiga.

Da a tsakar gidansu na ji rabin wannan, da na bi shi ko'ina.

"Ya yi kyau," na ce. "Mi zan yi da shi?"

Ya matso, ya rage murya.

"Kwahin da na aje a bibliyotek, shi ne mai zama har abada, ko? Ke ad da mabuɗi. In kin koma aiki, ki sa reza ki cire tsohon shafin, ki manna wanga. Ba wanda zai sani. Shi ke nan an gyara, sheri."

Ba wanda zai sani.

Ko a gyaran ma, a ɓoye yake son a gode mini. Kuma ni zan yi aikin da hannuna.

"Bashiru, ka san mi nika yi ma ɗalibin da na kama da reza cikin ɗakin nan?"

"Wanga daban ne..."

"Kundinka an buga mashi hatimi, an ba shi lamba, an ɗauki hotonai an sa cikin na'ura tun kahin in tai hutu. Ko da ba a yi ba, ba ni taɓa shi. Abin da marubuci ya kawo da hannunai, shi muka ajewa. Ba mu ƙarawa, ba mu ragewa. Aikin masu kakkaɓe ƙura ke nan, in ba ka sani ba."

"To in sake bugawa duka! In tara mutane Buza, Kawu shi sake karantawa!"

"Ka tara su. Ni dai ba ni zuwa."

"Nasiba... kan takarda guda za ki rushe aurenmu?"

"Shekara biyu ina koya maka in ka ɗauko abu wajen mutum ka ambaci sunanai. Turawan da ba ka taɓa gani ba, mutum sittin, duk ka ambace su, ba ka kuskure ko waƙahi ba. Ka iya, Bashiru. Nawa ne ka ji kunya."

Na mayar da shafin cikin ambulan, na ajiye a gabansa.

"Za ka yi dokta, za ka buƙaci rahotannin Keita. Suna nan, na jera su, ƙofa a buɗe take daga takwas na sahe. Ka zo da katinka kamar kowa, in ba ka duk abin da ka nema, ba ni ɓoye maka ko shafi guda."

"Kamar kowa?"

"Kamar kowa."

Na miƙe. Na shige cikin gida. Baba yana zaune gindin bishiyar bedi, ya ji komai, don zauren namu ba ya riƙe magana.

"Kin saurare shi har ƙarshe?"

"Har ƙarshe, Baba."

"To. Gobe in aika a maida masu kayansu."

Na ji tashin moto a ƙofar gida. Ya daɗe yana ruri bai tafi ba, ko yana jira in fito. Na kama jikin bedin da hannu biyu, don na san in na saki zan fita.

Ban saki ba har ƙarar ta ɓace a hanyar Buza.